Noman fata a ɗakin bincike: Wa ke samun shiga wannan ilmi?

A watan Afrilun shekara ta 2025 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da wani magani wanda ba a sha, ba a kuma yin allurarsa. Fata ce ake nomawa a ɗakin bincike daga ƙwayoyin jikin majiyyacin kansa, bayan an gyara lahanin da ya gada, daga nan likitan fiɗa ya shimfiɗa ta a kan gyambon da ya ƙi warkewa.

Kamfanin Abeona da ya samar da maganin mai suna Zevaskyn ya sanya masa farashin dala miliyan 3.1. An yi shi ne domin masu wata cutar gado da ke sa fata ta riƙa saluɓewa da ɗan gogayya kaɗan.

Amincewar ta zo ne shekaru 50 cif bayan da aka fara gano yadda za a raya ƙwayoyin fatar ɗan Adam a cikin faranti. A tsawon wannan lokaci ilmin ya ceci rayukan waɗanda aka riga aka fid da rai da su. To amma ya ci gaba da zama a hannun wasu ɗakunan bincike ƙalilan a Amurka da Turai da Japan, inda ake miƙa shi daga malami zuwa ɗalibi, kuma hanyar shiga cikinsu ita ce karatun digirin digirgir. Wannan hanya kuwa ta ƙara ƙunci ga ɗaliban Afirka a shekarar da aka amince da maganin.

Yadda fata ke sabunta kanta

Saman fatar mutum matattun ƙwayoyi ne da ke zubewa kullum ba tare da ya ankara ba. A cikin kimanin wata guda ko fiye da haka kaɗan, ɓawon fatar na sauyawa gaba ɗaya. Masu cike gurbin suna can ƙasa, a layin ƙarshe na ɓawon, kuma a cikinsu akwai wasu ƙalilan da masana ke kira ƙwayoyin tushe.

Abin da ya bambanta ƙwayar tushe da sauran shi ne idan ta rabu biyu tana iya haifar da irinta, tana kuma iya haifar da wadda za ta hau sama ta zama fata, ta tsufa ta mutu. Ta haka rumbun ba ya ƙarewa har tsawon rayuwar mutum.

A shekara ta 1990 George Cotsarelis da abokan aikinsa suka nuna cewa akwai wata maɓoyar irin waɗannan ƙwayoyi a jikin saiwar gashi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙunar da ba ta yi zurfi ba take warkewa da kanta, domin ƙwayoyin da ke saiwar gashi da hanyoyin gumi sukan fito su rufe wurin. Idan kuwa wuta ta ci ta wuce su, babu sauran abin da zai tsiro. Sai dai a yanko fata daga wani sashe na jiki a dasa, kuma wanda ya ƙone kusan duka jikinsa ba shi da inda za a yanko.

Har furfura ma tana da alaƙa da wannan fanni. A shekara ta 2020 masu bincike a jami'ar Harvard ƙarƙashin Ya-Chieh Hsu sun nuna a jikin ɓeraye cewa tsananin damuwa na ƙarar da ƙwayoyin tushen da ke ba gashi launi, kuma idan sun ƙare ba sa dawowa.

Aikin ɗalibi ne tun farko

Wanda ya fara raya ƙwayoyin fatar mutum a faranti ɗalibi ne mai neman digirin digirgir, James Rheinwald, a ɗakin binciken Farfesa Howard Green da ke cibiyar MIT a Amurka. Wani ƙari na jikin ɓera suke nazari, sai suka lura cewa wasu ƙwayoyi masu kama da na fata suna yaɗuwa idan aka ɗora su a kan wani nau'in ƙwayoyin ɓera da aka hana su rabuwa. Suka gwada da fatar mutum, ta yi. Sun wallafa sakamakon a 1975.

A shekara ta 1983 aka kai wasu yara biyu 'yan gida ɗaya daga jihar Wyoming zuwa asibitin ƙuna na Shriners a birnin Boston. Wuta ta cinye fiye da kashi 95 cikin 100 na fatar kowannensu. Daga ɗan abin da ya tsira aka yanki ƙanƙanen yanki, ɗakin binciken Green ya noma shi, aka rufe kusan rabin jikinsu da shi. Dukansu biyu sun rayu.

Fatar da ake nomawa ta wannan hanya tana da nata naƙasu. Tana ɗaukar kimanin makonni uku kafin ta isa dashe, kuma a cikin makonnin nan ƙwayoyin cuta na iya kashe majiyyaci. Siririya ce mai saurin yagewa, ba ta da gashi, ba ta fitar da gumi, wanda kuma babbar matsala ce ga mai zaune a ƙasa mai zafi. Sai a 2020 wata tawaga ƙarƙashin Karl Koehler ta iya samar da ɗan curin fata mai gashi a faranti, bayan watanni huɗu zuwa biyar na reno, kuma wannan bai kai matsayin magani ba tukuna.

Wani binciken da ya fito daga ɗakin Green a 1987, tare da Bafaranshe Yann Barrandon, shi ne ya bayyana dalilin da ya sa wani dashen ke kamawa wani kuma ya lalace bayan watanni. Sun gano cewa ƙwayoyin da ke yaɗuwa a faranti iri uku ne, kuma iri ɗaya ne kawai, wanda suka raɗa wa suna holoclone, ke da ƙarfin ci gaba da haihuwa na dogon lokaci. Idan mai reno ya yi sakaci waɗannan suka ɓace, fatar za ta yi kyau a ido, amma ba za ta daɗe ba.

Yaron da ke asibitin Bochum

An ɗauki shekaru 30 kafin a tabbatar da wannan a jikin mutum.

A watan Yunin 2015 aka kwantar da wani yaro ɗan shekara 7, wanda iyayensa suka gudo daga yaƙin Siriya, a sashen ƙuna na asibitin yara na jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus. An haife shi da lahani a ƙwayar gado mai suna LAMB3, wadda ke samar da sinadarin da ke liƙa ɓawon fata da naman da ke ƙarƙashinsa. Ƙwayoyin cuta sun shige shi, fiye da rabin fatarsa ta tafi. An gwada dasa masa fatar mahaifinsa, jikin ya ƙi karɓa. Likitoci sun kai ga tunanin rage masa raɗaɗi kawai har rai ya yi halinsa.

Daga nan suka tuntuɓi Michele De Luca na jami'ar Modena a Italiya. Aka yanki fatar da ba ta wuce santimita 4 murabba'i ba daga inda bai lalace ba, aka aika Modena. A can aka yi amfani da wata ƙwayar cuta da aka kashe wa dafi wajen shigar da lafiyayyar LAMB3 cikin ƙwayoyin, aka noma su har suka kai kusan mita ɗaya murabba'i. A fiɗa uku tsakanin Oktoban 2015 da Janairun 2016 aka rufe kimanin kashi 80 cikin 100 na jikinsa. An sallame shi a Fabrairun 2016, ya koma makaranta.

Rahoton da mujallar Nature ta buga a Nuwamban 2017 ya nuna cewa bayan watanni takwas kusan dukan sabuwar fatar ta fito ne daga waɗancan ƙwayoyi ƙalilan da Barrandon da Green suka bayyana. Wani rahoton a 2021 ya ce fatar na nan daram bayan shekaru biyar.

De Luca da abokiyar aikinsa Graziella Pellegrini su ne kuma suka yi amfani da wannan dabara a ido, inda suke noma ƙwayoyin tushe na gefen baƙin ido domin waɗanda sinadari ya ƙona wa ido. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da maganin mai suna Holoclar, wanda shi ne na farko na ƙwayoyin tushe da ta ba wa lasisi.

Fata ta sassauta wata taƙaddama

A farkon shekarun 2000 duk maganar ƙwayoyin tushe ta ɗan tayi ce. Ƙwayoyin da ake cirowa daga tayi na kwanakin farko suna iya zama kowane sashe na jiki, amma ciro su na nufin lalata tayin. A watan Agustan 2001 shugaba George Bush ya taƙaita kuɗin gwamnatin Amurka ga irin wannan bincike, matakin da Barack Obama ya sassauta a 2009.

Malaman Musulunci ma sun zauna a kan batun. A watan Disamban 2003 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ya halatta a yi amfani da ƙwayoyin tushe domin magani ko bincike idan tushensu halal ne, kamar jikin baligi da izininsa, ko mabiyiya da cibiya da izinin iyaye. Ta haramta zubar da ciki da gangan ko haɗa tayi musamman domin a ciri ƙwayoyinsa.

Shekaru uku bayan haka, a 2006, Shinya Yamanaka na jami'ar Kyoto a Japan ya sauya yanayin muhawarar. Shi da Kazutoshi Takahashi, wanda ya yi digirinsa na uku a hannunsa, sun tace ƙwayoyin gado 24 har suka rage huɗu, waɗanda idan aka cusa su cikin ƙwayar da ta riga ta girma sukan mayar da ita tamkar ta ɗan tayi. A 2007 suka yi haka da ƙwayoyin fatar mutum, a daidai lokacin da ɗakin binciken James Thomson a Wisconsin ya kai ga irin wannan sakamako. Ana kiran waɗannan ƙwayoyi iPS. Yamanaka ya sami lambar yabo ta Nobel a 2012 tare da John Gurdon na Ingila.

Ma'anar wannan ita ce daga ɗan guntun fata ana iya samar da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ko na zuciya na mutumin da aka yanko daga jikinsa, a yi nazarin cutarsa a faranti. A 2014 aka dasa wa wata tsohuwa a Japan wani sashe na cikin ido da aka samar daga fatarta. Ga ɗalibi Musulmi mai shakkar fannin, mafi yawan aikin da ake yi da fata bai taɓa tayi ko kaɗan ba.

Wannan duk ba shi da haɗi da garin magani da man shafawa da ake tallatawa a kasuwanni da shafukan sada zumunta da sunan ƙwayoyin tushe. Ƙwayar ɗan Adam mai rai ba ta zama a cikin leda a kan kanta.

Silsilar malamai

Wanda ya duba jerin manyan wannan fanni zai ga abu guda yana maimaituwa. Elaine Fuchs ta jami'ar Rockefeller a New York, da Fiona Watt ta Birtaniya, da Barrandon, dukansu sun zauna a ɗakin binciken Howard Green, De Luca ma ya yi wani ɗan lokaci a can. Su kuma sun yaye ɗaruruwan ɗalibai waɗanda a yau suke da nasu ɗakunan.

Dalilin bai tsaya ga sanayya ba. Renon ƙwayoyin fata sana'ar hannu ce kamar jima ko ɗinki. Takardar da aka wallafa za ta faɗi adadin sinadaran da za a zuba, amma ba za ta koya wa mutum gane faranti mai lafiya da wanda ya fara tsufa ba idan ya leƙa madubin ƙara girma. Wannan sai an zauna kusa da wanda ya iya.

Nan ne ake samun rashin fahimta tsakanin masu neman gurbi daga ƙasashe kamar Najeriya da Nijar da kwamitocin da ke tantance su. Ɗalibi kan ɗauka cewa sakamako mai daraja ta ɗaya shi ne makullin. Kwamitin kuwa yana da ɗaruruwan masu irin wannan sakamako a gabansa, don haka abin da yake nema shi ne shaidar cewa mutum ya taɓa yin bincike da hannunsa, gwaji ya ƙi masa, ya gano dalili, ya sake.

Shi ya sa takardun shaida guda uku da jami'o'in Amurka ke nema suke da nauyi ƙwarai. Takardar da wani babban farfesa ya sa wa hannu yana cewa ɗalibin mai ladabi ne da ƙwazo ba ta kai darajar ta ƙaramin malamin da ya bayyana aikin da ɗalibin ya yi a gabansa wata shida, da kuskuren da ya gano, da yadda yake idan aka kwatanta shi da sauran waɗanda ya koyar ba. Al'adar rubuta takardar yabo mai layi biyar, wadda sau da yawa ɗalibin ne ma ke rubutawa malami ya sa hannu, ta hana mutane da dama gurbin da suka cancanta.

Haka abin yake a takardar bayyana manufa. Masu tantancewa sun gaji da labarin wanda tun yana yaro yake son taimaka wa al'umma. Suna so su ga tambaya ta kimiyya, da dalilin da ya sa mai neman ya zaɓi wannan ɗaki bai zaɓi wancan ba, abin da ba zai yiwu ba sai ya karanta takardun da malamin ya wallafa a 'yan shekarun nan.

Akwai wani abin ƙarfafa gwiwa a tarihin fannin. Ba a buƙatar mutum ya riga ya san fata. Fuchs ta yi digirinta na uku ne a jami'ar Princeton a kan ƙananan halittun bakteriya, kafin ta koma wurin Green, kuma a 1991 ɗakin bincikenta ya gano lahanin gadon da ke haddasa wani nau'i na cutar saluɓewar fata. Yamanaka kuwa likitan ƙashi ne kafin ya koma bincike. Wanda ya karanta kimiyyar sinadaran jiki ko ta ƙananan halittu a Zariya ko Kano ko Maiduguri bai ɓata hanya ba, muddin hannunsa ya taɓa aiki.

Kowace ƙasa da tsarinta

A Amurka ana iya shiga da digiri na farko, karatun kan ɗauki shekaru biyar zuwa shida, kuma a shekarar farko ɗalibi kan zagaya ɗakuna biyu ko uku kafin ya zaɓi malami. Galibin jami'o'i na rufe karɓar takardu a farkon Disamba. A fannin kimiyyar rayuwa ba a biyan kuɗin makaranta, ɗalibin ne ma ake ba alawus, kuma tun wajen 2018 shirye-shirye da yawa suka daina neman jarrabawar GRE.

Sai dai akwai shingen da ba a rubuta shi a tallar gurbi. Kaso mai yawa na kuɗin horar da ɗalibai na fitowa ne daga cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka, wato NIH, kuma doka ta keɓe wannan kuɗi ga 'yan ƙasa da masu takardar zama na dindindin. Baƙo na takara ne a kan 'yan guraben da jami'a za ta biya daga aljihunta, shi da na China da Indiya da sauran duniya.

A Birtaniya karatun ya fi gajarta, shekaru uku zuwa huɗu, amma kuɗin da ake cajin baƙo a fannin da ake aikin ɗakin bincike kan haura fam dubu 20 a shekara. Daga 2021 hukumar UKRI ta buɗe tallafinta ga baƙi, sai dai ta ƙayyade kada su wuce kashi 30 cikin 100. Akwai kuma tallafin ƙungiyar Commonwealth da na Gates a Cambridge. Lokacin da Birtaniya ta hana ɗalibai baƙi zuwa da iyalansu a Janairun 2024, ta keɓe masu digirin bincike daga haramcin.

Jamus ce ɗalibai da yawa ba su cika dubawa ba. Ana buƙatar digiri na biyu, amma babu kuɗin makaranta, kuma a kimiyyar rayuwa mai digirin digirgir kan zama tamkar ma'aikaci mai albashi. Makarantun bincike na Max Planck da cibiyar EMBL a Heidelberg na gudanar da aikinsu da Turancin Ingilishi, hukumar DAAD kuma na ba da tallafi. A Saudiyya jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009 na ɗaukar nauyin ɗalibanta gaba ɗaya.

Abin da masana fannin ke yawan nanatawa shi ne, duk gurbin digirin digirgir na kimiyya da aka ce ɗalibi ne zai biya komai daga aljihunsa, ya kamata a yi masa kallon tsanaki.

Shekarar da ƙofofi suka tsuke

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta sanar da rage kuɗin gudanarwa da NIH ke ba jami'o'i zuwa kashi 15 cikin 100. Kotu ta dakatar da matakin, amma tsoro ya riga ya shiga. Jami'o'i da dama sun rage yawan ɗaliban da za su ɗauka, makarantar likitanci ta jami'ar Massachusetts ma ta janye guraben da ta riga ta bayar.

Sai batun biza. A watan Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta. A Yuli ta rage wa'adin yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata uku da shiga sau ɗaya. A Disamba kuma ta sanya Nijar cikin jerin ƙasashen da aka hana gaba ɗaya, Najeriya kuwa cikin waɗanda aka dakatar wa wasu nau'o'in biza, har da ta ɗalibai, daga 1 ga Janairun 2026.

A gida ma lamarin bai yi sauƙi ba. Asusun TETFund, wanda ya daɗe yana tura malaman manyan makarantu ƙetare, ya dakatar da wannan ɓangare daga Janairun 2025, yana mai kafa hujja da tsada da kuma yawan waɗanda ba sa dawowa. Tsadar kuwa gaskiya ce, domin dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Kuɗin cike takardar neman gurbi kaɗai, wanda a jami'o'in Amurka kan kai kusan dala 100 kowace ɗaya, ya isa ya tsayar da ƙaramin malamin jami'a, kodayake wasu jami'o'in na yafewa idan an roƙa.

Hujjar rashin dawowa tana da fuska biyu. Wanda ya ƙware a renon ƙwayoyi yana buƙatar akwatin reno da zai tsaya a ma'aunin zafi 37 dare da rana, da firjin da ke sanyi 80 ƙasa da sifiri. Ɗaukewar wuta ta kwana ɗaya na iya kashe aikin shekara. Gwamnatin da ta biya kuɗin karatu ba ta tanadi wannan ba, ta horar da ma'aikaci ne domin wata ƙasa.

Zaɓen malami

Samun gurbi ma ba shi ne ƙarshen haɗari ba, domin fannin ƙwayoyin tushe ya yi ƙaurin suna wajen badaƙala. Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu ya zama gwarzon ƙasa a 2004 da 2005 kafin a gano cewa sakamakonsa ƙirƙira ce. A 2014 mujallar Nature ta janye wasu takardu biyu daga cibiyar RIKEN ta Japan da suka yi iƙirarin wata hanya mai sauƙi ta samar da ƙwayoyin tushe. A 2023 wata kotun ɗaukaka ƙara a Sweden ta yanke wa likita Paolo Macchiarini ɗaurin shekaru biyu da rabi kan dashen maƙogwaron roba da ya yi wa majiyyata.

A irin waɗannan lokuta ƙananan masu bincike ne suka fi shan wahala, tun da sunansu na kan takardun, kuma baƙon da bizarsa ke rataye da yardar malami ba shi da bakin musu. Don haka tambayar tsoffin ɗaliban malami, nawa suka gama, cikin shekara nawa, ina suke yanzu, ta fi duba martabar jami'a amfani.

Inda buƙatar take

Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa ƙuna na kashe kimanin mutum dubu 180 a kowace shekara, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mace-macen na faruwa ne a Afirka da kudu maso gabashin Asiya. A watan Oktoban 2024 fashewar tankar mai a garin Majiya na jihar Jigawa ta kashe fiye da mutum 150, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗejia da wasu wurare. Watanni uku bayan haka irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja.

Zai zama yaudara a ce noman fata shi ne abin da waɗannan mutane suka fi buƙata. Abin da ke ceton mai ƙuna a kwanakin farko shi ne ƙarin ruwa a kan lokaci, da ɗaki mai tsabta, da jini, da likitan da ya iya dashen fata na yau da kullum. Ƙasar da ba ta wadata asibitocinta da waɗannan ba, maganin dala miliyan uku ba nata ba ne tukuna.

Amma akwai tambayoyin da ba wanda zai yi wa Afirka idan 'ya'yanta ba su shiga fannin ba. Tabon da ke kumbura ya wuce iyakar rauni ya fi yawa a baƙar fata, kuma har yanzu ba a gama fahimtar dalili ba. Zabiya a ƙasashe masu zafin rana na fama da sankarar fata tun suna matasa. Gyambon ƙafa na masu cutar sikila kan yi shekaru bai rufe ba. Galibin ƙwayoyin iPS da ke ajiye a rumbunan bincike na duniya kuwa daga jikin Turawa aka samo su, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado.

An fara ganin wasu wurare da ɗalibi zai iya koyon aikin hannu ba tare da biza ba. Akwai cibiyar WACCBIP a jami'ar Ghana, da ACEGID a jami'ar Redeemer's da ke Ede, waɗanda suka fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa amma suna koyar da dabarun da kowane ɗakin bincike ke nema.

Mafi kusa da wannan fanni ita ce cibiyar BioRTC da aka kafa a 2021 a jami'ar jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa da ya yi aiki a jami'ar Sussex ta Ingila. Cibiyar na shirya horo ga matasan masu bincike, kuma a 2024 ita da abokan hulɗarta na ƙetare suka wallafa rahoton samar da ƙwayoyin iPS daga fatar wani ɗan Najeriya, domin nazarin cututtukan ƙwaƙwalwa irin su cutar mantuwa ta tsufa.